Alama Bakwai a Jikin Silin

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe ne, ranar Juma'a, cikin zafin nan da ke zuwa gab da ruwan farko. Mu huɗu ne a ɗakin: ni, da maigidan da ke kwance a gado, da matarsa a kan kujerar roba, da babbar 'yarsu da ke tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa. Na san lokacin daidai domin ɗabi'ata ce in duba agogo kafin in buɗe akwatin aiki. Abin da na gani a gidan nan ba zan manta da shi ba muddin ina da rai, shi ya sa na zauna in rubuta shi bi da bi, yadda ya faru.

Ni mai gyaran firij ne da na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi. A Madakiya aka haife ni. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, daga nan aka kai ni Kaduna koyon aiki, na dawo na buɗe shago a Kafanchan. A lokacin da nake ba da labari na daɗe a sana'ar, har ina ganin babu abin da ya rage mini in koya. Sai dai esin da muka sani iri biyu ne kawai, na taga da wanda ake rataye wa a bango. In mai gida ya ce babu sanyi, abin da muke yi ba ya canzawa: a wanke rariyar iska, a ɗaura gejin auna gas, a ƙara gas. Wani ma tun bai cire takalmi ba zai ce gas ya ƙare. Haka aka koya mana, haka muke yi.

Wannan gida ba haka yake ba. 'Ya'yan ne suka haɗu suka gina wa iyayensu shi a gefen gari, dogon gida mai baranda ɗaya a ciki, ɗakuna hagu da dama. Daga nesa suka ɗauko masu sa musu esi, aka sa babban inji guda ɗaya a bayan kicin, da fanka a cikin silin. Daga fankar nan bututun kwano ya bi saman barandar, yana buɗe baki a kowane ɗaki yana zuba sanyi. Wani bututun kuma yana kwaso iskar gidan yana mayar wa injin. Irin wannan ban taɓa sa masa hannu ba sai sau biyu a rayuwata, kuma ban gaya wa kowa hakan ba.

Ɗakin maigidan, wanda zan riƙa kira Baba kamar yadda kowa ke kiransa, shi ne na ƙarshe. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, maganarsa ta yi nauyi, ƙirjinsa kuma ba shi da ƙarfi. Likita ya ce a tsare shi daga zafi da ƙura. To, tun da zafi ya shigo abin ya rikice. In an kunna esi ɗakin ba ya sanyi, kuma tari ya turnuƙe shi har sai an ɗauko maganin shaƙa. In an kashe, zafi ya hana shi numfashi. In an buɗe taga, akwai sito a maƙwabta inda ake zuba busasshiyar citta a buhu, yajinta kaɗai ya isa ya sa mai lafiya atishawa. Na zo sau biyu kafin wannan rana. Na farko na wanke rariya na ƙara gas. Na biyu geji ya nuna mini gas a cike yake, amma na ƙara kaɗan don kada a ce na zo ban yi komai ba. Na rubuta wannan ne don gaskiya ce, ba don ina jin daɗin tunawa ba.

'Yar, wadda nas ce a Abuja, ita ta fara magana.

"Oga, zuwanka na nawa ke nan?"

"Na uku, Sista."

"Na farko me ka yi?"

"Na ƙara gas."

"Na biyu fa?"

Mama, matar Baba, ta amsa mini daga kujerarta. "Gas ɗin dai. Ko buhun citta aka yi wa irin wannan ɗuri da yanzu ya fashe."

Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba ni na kira ka ba, Baba ne ya matsa. Ni na gama magana. Jibi bayan sujada mota za ta zo, mu tafi da shi Abuja."

"Ba ni zuwa," in ji Baba. Kalma ɗaya ɗaya yake fitarwa, kamar mai ɗaga dutse. "In na tafi, a akwati za ku dawo da ni."

"In ka zauna ma akwatin ne, Baba. Aikina ne, na san ƙarar ƙirjin nan."

Mama ta faɗi wani abu da yarensu, ta juya kai gefe. Ban ji yaren ba amma na gane. A garin nan Baba ya yi aiki, a nan cocinsa yake, a nan sauran abokansa suke zuwa su zauna da shi ranar Lahadi da yamma. Mama kuma ba ta ga yadda za ta rayu a bene hawa uku ba tare da kajinta ba. Ita 'yar ba mugunta take yi ba, tsoro take ji. Ni kuwa ina tsakiya da akwatin aiki, kuma gaskiya babu abin da na zo da shi a kaina sai gas.

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Mai gas, matso."

Na matsa na durƙusa.

"Injin yana ba da sanyi?"

"Yana bayarwa, Baba."

"Ka taɓa da hannunka?"

"Na taɓa. Har raɓa yake yi."

"Inji yana bayarwa. Ɗaki ba ya samu." Ya huta, ya ja numfashi. "To ina yake zuwa?"

Ya nuna silin da yatsa.

"Ka hau sama?"

"Ban hau ba."

Ya rufe ido kamar wanda aka gaya wa abin kunya. Daga nan ya ba ni labarin aikinsa, kuma ya ɗauke shi kusan minti goma domin yana tsayawa ya yi tari. Na san tsohon ma'aikacin reluwe ne, kamar tsofaffi da yawa a Kafanchan, amma ban taɓa tambayar me yake yi ba. Ashe mai duba birkin jirgi ne. Ya ce birkin jirgi na zamaninsu da bututu ɗaya yake aiki, wanda ya taso daga kan jirgi ya bi ƙarƙashin kowane tarago har na ƙarshe. Inji yana zuƙe iskar da ke ciki, sannan birki ya saki. In akwai kafa ko ɗaya a wata gaɓa, birki ba zai saki ba, jirgi ba zai tashi ba. Ya ce direba kullum inji yake zargi, ya yi ta ba shi wuta, alhali matsalar tana can tarago na goma sha. Aikinsa shi ne ya bi bututun nan gaɓa gaɓa, da rana ko da ruwan sama, har ya gano inda yake yoyo.

"Wata biyu ina kwance a nan ina jin bututun gidan nan yana yoyo," in ji shi. "Na faɗa. Suka ce Baba ya fara ruɗewa."

Sista ta sauke hannuwanta.

Sai ya fara ba da umarni, kuma ban taɓa jin umarni mai tsari irin nasa ba. Na farko, a kashe sanyi a bar fanka kaɗai. Na biyu, a yanka kwali a toshe bakin bututu na kowane ɗaki, har da bakin da ke kwasar iska, domin a jirgi ma sai an toshe ƙarshen bututu kafin a gwada. Na uku, a kashe talabijin da firij, a kori kaji daga bayan taga. Na huɗu, a zare ƙarfen labulen falo a kawo masa. Na ce masa in an toshe ko'ina aka bar fanka tana gudu za ta iya ƙonewa. Ya dube ni da ido ɗaya ya ce ashe akwai abin da na sani ban da gas. Aka tsayar cewa Mama za ta zauna wajen makunni, in ya ɗaga yatsa ta kunna, in ya sauke ta kashe. Allah ya taimake mu akwai wuta a ranar, ba sai an ta da janareta ba, da ƙararsa ta ɓata komai.

Sista ta ce wannan wahalar da mara lafiya ne kawai. Baba ya ce, "In ban samu komai ba, ki kira motarki yau ma." A kan haka ta yarda. Ni da ita muka ɗaga shi muka sa a kekensa. Mama ta kawo guntun alli daga cikin kayan ɗinkinta.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar muka fara daga bakin kicin. Ni nake riƙe ƙarfen labule in danna kansa a jikin silin, shi kuma ya ɗora ɗaya kan a ƙashin bayan kunnensa na dama. Ya ɗaga yatsa, fanka ta tashi. Ya rufe ido. Ya sauke yatsa, ya ce a tura. Sista ta tura keken taki ɗaya. Haka muka riƙa yi, taki ɗaya, a saurara, taki ɗaya, a saurara. Barandar nan in mai lafiya ne daƙiƙa goma ta ishe shi. Mu mun yi minti hamsin a cikinta.

A taki na uku ya ce, "Nan." Sista ta hau kujera ta zana alama a silin. A na biyar ya sake cewa nan. Wani wurin sai ya ce a koma baya kaɗan, a matsa ƙarfen hagu, a matsa dama, sannan ya ce a zana. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya. Bakin da ya karkace yana nan a karkace, amma mutumin da ke cikin keken ba shi ne wanda na gani a gado ba. Ko tari bai yi ba. Da muka kai alama ta huɗu na kasa haƙuri, na roƙe shi in gwada. Na ɗora ƙarfen a bayan kunnena na saurara iya ƙarfina. Gurnanin fanka kawai na ji.

"Me ka ji?"

"Fanka, Baba."

"Fanka tana ƙasa. Saurari abin da ke samanta, siriri."

Na sake gwadawa. Babu. Ya karɓi abinsa ya ce in bari, shekara talatin ba a ɗaukarta a minti ɗaya.

Alama shida muka yi kafin mu kai ƙarshen baranda. A ƙofar ɗakinsa, wajen da bututun mayar da iska ya bi, ya daɗe yana saurare. Ya sa aka kashe, aka kunna, aka sake kashewa, aka sake kunnawa. Mama ta yi ƙorafi daga can cewa yatsanta ya gaji. Can ya sauke ƙarfen.

"Waɗancan shida hurawa suke yi," in ji shi. "Wannan sha take yi. Zana babba. Ita ce ke kashe ni."

Aka cire kwalaye, aka kunna esi yadda aka saba, na jingina tsani a ƙofar shiga silin da ke cikin siton gidan. Baba ya ce a jirgi da harshen fitila suke tabbatarwa, in an kai shi kusa da kafa sai ya lanƙwasa, amma duk wanda ya shiga silin da wuta mahaukaci ne. Ya sa Mama ta samo lallausan gashin kaza, aka ɗaure shi da zare a kan tsinken tsintsiya. Da shi da tocila na hau. Sista za ta riƙa ƙwanƙwasa kowace alama daga ƙasa don in san inda take.

Duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin kwano da tsakar rana a wannan lokaci ya san abin da ake tararwa. Na shirya wa wuta. Da na cusa kaina, iska mai sanyi ce ta bugi fuskata. Na tsaya a kan tsani na kasa motsi. Cikin silin ya fi ɗakin Baba sanyi nesa ba kusa ba. Na haska tocila sama, sai ga jemagu reras a jikin katakon rufi, sun yi lamo. Na leƙo ƙasa na faɗa musu.

Mama ta ce, "Ashe jemagu 'ya'yana suka saya wa esi."

Na bi katako da rarrafe zuwa inda aka ƙwanƙwasa na farko. Gaɓa ce daidai a wurin. Waɗanda suka haɗa bututun tef na yadi suka naɗa mata, zafin kwano ya busar da shi ya ɓare kamar ɓawon rogo. Na kai gashin kaza, ya tashi tsaye yana rawa. Ta biyu haka. Ta uku haka. Ta huɗu ƙarama ce ƙwarai, a kusurwa, sai da na zagaya da gashin sau biyu kafin ya motsa. Ta biyar da ta shida ɓeraye sun ci soson da aka lulluɓe bututun da shi, gaɓar ta buɗe. Babu alama ko ɗaya da ta kauce daga gaɓarta fiye da tsawon tafin hannu. Na kuma bi sauran gaɓoɓin da bai sa a zana ba, ina neman inda ya yi kuskure. Gashin bai motsa a ko ɗaya ba.

Na isa ta bakwai. Na duba sama, lafiya. Na duba gefe da gefe, tef ɗin yana nan a manne. Na zagaya da gashin kaza, shiru. Ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi.

"Sista, gaya wa Baba nan babu komai."

Na ji murya ƙasa ƙasa, sannan ta ɗaga tata. "Ya ce kai ne babu komai. Ya ce ka kwanta ka duba cikinsa ta ƙasa."

Na kwanta rub da ciki a kan katako biyu, na zura hannu ƙarƙashin bututun. Ban ma kai gaɓar ba na ji an fizge tsinken daga yatsuna. Ya tafi. Na karkata kai na haska tocila. Bututun ya saki daga ratayarsa ya sunkuya, gaɓar ta buɗe ta ƙasa, faɗin yatsa huɗu. A ƙarƙashinta daidai akwai tulin busasshen kashin jemage, kuma a gaban kafar an share wuri fes kamar da tsintsiya, inda iska ta daɗe tana kwasa. Rariyar da nake ta wankewa tana can a bakin bututun, wannan kafa kuwa tana bayanta. Wato duk lokacin da aka kunna esi don a taimaki Baba, garin kashin jemage ake hura masa. Masu lafiyar gidan atishawa kawai suke yi su wuce. Shi ƙirjinsa ba zai iya ba.

Na daɗe a kwance a wurin. Mutumin da ba ya iya juya kansa a gado sai an taimake shi, ya ji wannan ta cikin silin, da ƙarfen labule, har ya bambance mai hurawa da mai sha. Ni mai ƙafa biyu da geji da tsani na zo sau biyu ban ɗaga kai ba.

Da na faɗa musu, Sista ta ce ba ta yarda da labari ba. Ta sa takunkumin hanci, ta ɗaure zaninta, ta hau tsanin da kanta. Na haska mata. Ta duba kafar, ta duba tulin, ta sake duba kafar. Muka sauko. A ƙasa ta kashe esi da hannunta, ta je ta tsuguna gaban keken mahaifinta ta riƙe hannunsa na hagu, wanda ba ya ji. Sannan ta juyo.

"Oga, me kake buƙata?"

Ƙarfe ɗaya da rabi na hau mashin zuwa kasuwa. Na samo silikon, wato gam ɗin toshe kafa, da tef na alminiyam mai ƙyalli, da kusoshin murɗawa, da waya, na kuma sa maƙerin kwano ya yanka mini faci. Ƙarfe biyu da kwata na koma sama da takunkumi biyu a hanci. Na fara da yayyafa ruwa a kan kashin don kada ya tashi, na kwashe shi a buhu. Na goge cikin bututun iya inda hannuna ya kai. Na ɗaga shi na ɗaure da waya a jikin katako, na mayar da gaɓar, na sa faci na murɗa kusoshi. Baba yana ƙasa a kekensa ya ƙi komawa gado, yana aiko da saƙo ta bakin Sista: a ɓare tsohon tef duka, a goge wurin da busasshen tsumma kafin a shafa komai domin gam ba ya kama ƙura, kada a tsallake gaɓa a ce za a dawo mata. Kowace gaɓa na shafe ta da silikon, na bari ya ɗan kama, na naɗe da tef, na mayar da soso. Da aka kashe esi silin ya koma yadda na san shi. Sau uku ina saukowa in sha ruwa in matse riga.

Ƙarfe biyar saura minti goma na sauko na ce na gama.

"Wa ya ce?" in ji Baba.

Aka mayar da kwalaye, Mama ta koma wajen makunni, muka sake bin barandar daga bakin kicin. Ta ɗaya shiru. Ta biyu shiru. Ta uku shiru. A ta huɗu ya ɗaga gira.

"Tana raɗa."

"Baba, na shafe ta da hannuna."

"To hannunka ya bar mata baki. Hau."

Na hau da sabon gashin kaza. A can kusurwar da ta jingina da katako, inda yatsana bai kai ba, gashin ya ɗan karkata. Na cusa silikon da tsinke na rufe. Muka ƙarasa sauran. A ta bakwai ya saurara har na ƙosa, sannan ya miƙa mini ƙarfen labulen.

"A ba direba tuta, jirgi ya tashi," in ji shi.

Aka cire kwalaye aka kunna sanyi. Cikin minti ashirin Mama ta aika a ɗauko mata mayafi.

Na ɗauka magana ta ƙare, amma Sista ta ce sanyin ɗaki daban, ƙirji daban, kuma ba ta fasa mota ba. Baba bai yi gardama ba. Ranar Asabar na dawo da yamma, na jira jemagu suka fita kiwo, na toshe ramin da suke shiga ta ƙarƙashin rufi da ragar waya. Mama ta gaya mini ya yi barci har gari ya waye, sau ɗaya kawai aka ɗauko maganin shaƙa.

Ranar Lahadi daga coci ban je gida ba, na wuce can. Ƙarfe goma sha biyu da rabi na isa, na tarar da mota a ƙofar gida, direba ya buɗe but. Na ɗauka tafiya za a yi da Baba. Na shiga har ɗakin ƙarshe. Baba yana zaune a bakin gado ba riga, Mama ta tallafe shi, Sista kuma ta sa abin sauraren ƙirji a kunne tana bin bayansa. Ta ɗora a sama ta saurara, ta matsa ƙasa kaɗan ta saurara, ta koma ɗaya gefen. Idonta a rufe. Na tsaya a ƙofa ina kallon yadda take karkata kai, irin na mahaifinta sak.

"Kada ki tsallake gaɓa," in ji Baba.

"Yi shiru, Baba, ina aiki."

Ta gama ta cire abin daga kunne. Ta daɗe tana naɗe shi.

"Akwai saura a ƙasan dama," in ji ta. "Amma ya sauka. Ya sauka sosai." Ta dube shi. "Mako biyu. In Mama ta kira ni ta ce tarin ya dawo, zan zo da mota, kuma ba za mu yi magana ba."

"Na ji, Sista," in ji Baba, yana kwaikwayon yadda nake kiranta.

Jakarta kaɗai aka sa a but. Da za ta shiga mota ta ce mini duk wata uku in hau silin ɗin nan, ko an kira ni ko ba a kira ni ba. Na ce to, kuma ban taɓa saɓawa ba.

Tarin bai rabu da shi gaba ɗaya ba, domin ƙirjin ya riga ya tsufa, amma bai sake kai shi inda ya kai shi a wancan zafin ba. Damina biyu ya ƙara a gidansa. Duk zuwana sai ya sa an tura shi baranda, ya ba ni ƙarfen labule ya ce in saurara. A zuwa na biyar ne na fara jin siririn abin da yake faɗa, can sama da gurnanin fanka, kuma da na hau na same shi. Bai yabe ni ba, ya ce dai na fara zama mutum. A ɗakin nan ya rasu, a kan gadonsa, abokansa na coci suna kewaye da shi.

Abin da na koya shi ne, in abu ya bar inda aka yi shi bai isa inda ake jiransa ba, hanya ake bi, daga farko zuwa ƙarshe, ba a tsallake ko taki ɗaya. Na kuma koyi abin da ya fi wannan nauyi. Wata biyu mutumin nan yana faɗin gaskiya a kan gado, mu masu lafiya muna magana a kansa kamar ba ya ɗakin, don kawai bakinsa ya yi nauyi.

Saboda haka ina roƙonka, kai mai karatu. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ya yi wani aiki da hannunsa, ko reluwe, ko gona, ko asibiti, ko ɗinki, ka je wurinsa cikin makon nan. Ka ja kujera ka zauna, ka ce ya gaya maka yadda ake aikin tun daga matakin farko har na ƙarshe. In maganarsa tana da nauyi, ka jira shi. Kada ka ƙarasa masa magana, kuma kada ka tashi sai ya ce ya gama.